Ranar da Jakar Gas Ta Kumbura

A bayan gidanmu na Talata Mafara akwai rufaffen rami da muke zuba kashin shanun mahauta. Iskar da yake fitarwa tana taruwa a jakar roba, mu yi girki da ita. Wata rana na tarar jakar ta kumbura tim, Baba yana tsaye a kanta da wuƙa. Mahauci ne, ya san in cikin saniya ya kumbura huda shi ake yi. Ga wutar tsiren ƙanena tana ci dab da shi.

"Baba, don Allah dakata!"

Ya harare ni. "Fashewa za ta yi."

Tun da na girma ban taɓa riƙe hannun mahaifina ba. Ranar na damƙe shi, ban saki ba sai da aka kashe wutar.