Tankin da Ke Ƙarƙashin Tsohon Gidan Mai

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Nomau ya shigo ofishinmu na duba-gari da ruwa a cikin gora ba. Dattijo ne manomi daga wata unguwa a gefen Sheme. Ya cire murfin, ya ce in shinshina. Warin gas, man da ake zuba wa manyan motoci, ya bugi hancina.

"Daga rijiyata na ɗebo shi," in ji shi. "Ko awaki sun ƙi sha."

Lokacin ina mataimakin shugabar sashe, Hajiya Binta. Washegari muka je. Rijiyoyin unguwar duk sun kamu, wasu har maiƙo ke yawo a saman ruwan. Sama da gidajen kaɗan akwai tsohon gidan mai da aka rufe tun rasuwar mai shi. Da muka sa aka tona gefensa, ƙasar ta fito baƙa, tana wari. Tankin da ke binne ne ya ci tsatsa, ya yi shekaru yana tsiyaya.

A ƙa'idar aikinmu, mukan rufe rijiyar da ta gurɓata, sannan mu umarci mai wurin ya gyara ɓarnar. Gyara a nan yana nufin a fitar da tanki, a kwashe ƙasar da ta sha mai, a cike ramin da sabuwa, a kuma sama wa mutane wani ruwan. Wanda ya gaji wurin shi ne Malam Lawal, ɗan marigayin, mai sayar da hatsi a kasuwa. Ko ni na san ba shi da ƙarfin wannan aiki.

Hajiya Binta ce ta tambaye shi ko mahaifinsa ya taɓa yin inshora. Ya ce ƙwarai, kamfanin da ke kawo masa mai ne ya tilasta shi, kuma takardun na nan a gida. Sai ta yi masa bayanin da ni ma ranar na fara jin sa. Akwai inshorar da ke biyan ɓarnar da sana'ar mutum ta jawo wa wasu. Irin wadda marigayin ya yi, abin da take dubawa shi ne lokacin da ɓarnar ta fara. Idan tankin ya soma yoyo a shekarun da ake biya, alhaki na kan kamfanin inshorar ko da an daɗe da dainawa. Sai dai magaji ne kaɗai zai iya shigar da buƙata.

Malam Lawal ya girgiza kai. "Hajiya, ni ba ni taɓa kuɗin inshora. Zuciyata ba ta natsu da su ba. Gara in saida gonata ta Tafoki."

Ba taurin kai ba ne, tsoron Allah yake ji, mu ma mun ga haka. Amma kuɗin gonar ko hayar motar tono ba za su biya ba. Muka shafe makonni a haka, matan unguwa na tafiya nesa ɗibar ruwa.

Rannan muka sake zama a ƙofar gidan Baba Nomau. Shi Bamaguje ne da ya shiga Kiristanci, kuma sun yi abota da marigayin tun ƙuruciya. Ya bari kowa ya gama, sannan ya juya ga Malam Lawal.

"Lawal, ni ban san abin da littafinku ya ce ba, kuma ba ni sa ka saɓa mashi. Amma in ka saida gona, ɗiyanka su ci mi? Ba mu shan ruwan da aka saya da yunwar gidanka. Ubanka ya biya mutanen nan ne don in ya cuci wani bai sani ba. To, mu ne wanin. Ka je ka tambaya ko kana da ikon yafe abin da ba naka ba."

Malam Lawal ya sa takalmansa ya tafi. Na ji daga baya ya je wurin malaminsa a Kankara. Abin da suka tattauna ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ya dai dawo ofis ya ce zai sa hannu bisa sharaɗi guda: ko kwabo kada ya bi ta hannunsa, a biya masu aikin kai tsaye.

Sauran aikin na haƙuri ne. Tsohon kamfanin inshorar ya daɗe da haɗewa da wani, sai da lauyan ƙaramar hukuma ya bi sawu. Sabon kamfanin ya aiko mai bincike, aka ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban aka kai gwaji. Nisan da man ya yi a ƙarƙashin ƙasa ya nuna yoyon tsoho ne. An ja, an sassauta, daga ƙarshe suka yarda da kwashe ƙasa da haƙa rijiyar burtsatse can gaba da unguwar. Diyyar lambun Baba Nomau da gurɓataccen ruwan ya lalata kuwa suka ƙi, shi ma bai matsa ba. Tsofaffin rijiyoyin dole muka toshe su da siminti.

Ranar da aka ɗago tankin, Malam Lawal na tsaye bakin ramin. Hujin da ya jawo duk wannan bai kai faɗin tafin hannu ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Allah ya gafarta ma Baba. Wallahi bai sani ba."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, idan kun tarar da ƙasa ta gurɓata, kafin ku rubuta umarni ku tambaya ko an taɓa yi wa wurin inshora, komai daɗewa. Idan kuma mutum ya ƙi abin da kuke ganin mafita ce, ku zauna ku ji dalilinsa. Ni da Hajiya Binta mun san doka, amma makonni muka yi muna ba Malam Lawal amsar tambayar da ba ita ke damunsa ba.