Yaya Barira da matan da ta koya wa tambaya

Shekara goma sha biyar ke nan da muka rufe Yaya Barira a maƙabartar Matameye. Ni ne ƙanenta, a bayanta na girma. Bana na fi tunawa da ita, don sojoji ke riƙe da ƙasa kamar wancan lokaci, kuma masu ba da tallafi sun sake naɗe tabarmarsu.

Ungozoma ce a gidan likita har ta ajiye aiki. Ba ta daɗe da hutawa ba wata ƙungiya daga waje ta ba da tallafi, a horar da matan karkara su san abin da doka ta ba su a harkar lafiya, su kuma iya tsayawa gaban hukuma su nema. Yaya aka damƙa wa aikin. Ta bi Icirnawa da Tsauni da Kance tana zaɓen mata, galibi waɗanda mazajensu suka tafi cin rani Kano ko Legas suka bar su da yara. Ba allura take koya musu ba. Koya musu take yi cewa an ce ƙaramin yaro da mai ciki kyauta ake duba su, to in an juya ki ba magani, wa za ki tambaya, kuma da wane irin harshe.

Daminar shekarar ba ta yi kyau ba. Kafin rani ya raba, rumbuna sun ƙare. Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki, ƙungiyar ta dakatar da komai. Wani ma'aikacinta ya zo daga Damagaram ya ce a rufe horon sai abin da hali ya yi. Yaya ta ce masa, “Ɗana, kai ka rufe biro ɗinka, ofishinku ne. Tsakar gidana ba ta da makulli.”

Matan suka ci gaba da zuwa a ƙasa, ba kuɗin mota, ba abincin rana sai farau-farau. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin an hana taro ba izini, kuma maganar yunwa a bainar jama'a ba abu ba ne da ake yi kai tsaye. Na ce mata ta dakata ƙura ta lafa. Ta ce yaran da tamowa ta kama ba za su jira ba.

Sai aka ce wani babban soja zai zo ya ga halin da karkara ke ciki. Wasu manyan gari suka aiko wa Yaya cewa matanta su zo su cika wuri, amma kada wadda ta buɗe baki. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.

Ranar taron ina wurin. An gama jawabai, ana shirin addu'a, sai wata cikin matan Yaya, ƴar Tsauni mai suna Uwale, ta miƙe. Ɗanta bai yi sati da rasuwa ba. Ta gaishe da baƙo kamar yadda ya kamata, sannan ta ce, “Ranka ya daɗe, an ce yaro kyauta ake ba shi magani. Na kai nawa, aka ce babu. Ban zo kai ƙarar kowa ba. So nake in sani, wa zan tambaya, kafin maƙwabciyata ta kai nata?”

Na ga wani soja ya gyara riƙon bindiga. Babban nasu ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaya wa ya koya mata wannan magana. Yaya ta miƙe ta ce ita ce.

Washegari da hantsi sojoji suka kira Yaya. Na raka ta, aka bar ni a bakin ƙofa cikin rana, ina jiyo su sama-sama. Abin da suke ta maimaitawa shi ne wa ya turo ta, wa ke biyan ta. Na ji ta ce, “Masu biya sun tafi tun ranar da kuka zo, ranka ya daɗe. Mu da muka rage ba mu da inda za mu.” Sai bayan la'asar aka sake ta, da sharaɗin ba ta ƙara tara mata a gidanta.

Ba a jima ba mota ta kawo magani da abincin yara masu tamowa. Ko maganar Uwale ce ta kawo shi, ko dama yana hanya, ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa mamaciya abin da ban tabbatar ba. Tallafin dai bai dawo ba. Yaya ta bi sharaɗin: ta daina tara su, ta koma bin su ƙauye ƙauye a amalanken jaki. Da damina ta sauka zazzaɓi ya kama ta a hanyar Icirnawa. Ba ta tashi ba.

Da za ta leƙo yau, ba na jin za ta yi mamaki. An ƙara gine-gine, an shafa fenti, amma har yanzu ana juya uwa da yaro a hannu. Ina jin abin da zai fi ɓata mata rai shi ne yadda muka saba ɗaure aikinmu a ƙafar baƙo, in ya tafi mu zauna. Sai dai ba duka aka zauna ba.

Ranar kasuwar da ta wuce na haɗu da Uwale. Ta tsufa, tana dogara sanda. Ta ce an kwana biyu ba mai duba haihuwa a wajensu, ita da wasu ƴan mata da ta koya wa za su je gaban hukuma su tambaya. Na rage murya na ce, “Uwale, a wannan yanayi? Ba kya tsoro?”

Ta ce, “Ina ji mana, Malam. Hajiya Barira ma tana ji. Ranar da ta miƙe ta ce ita ce, ina kusa da ita, gefen zanena ta riƙe gam saboda tsoro.”

Ban taɓa sanin haka ba. Allah ya jiƙan Yaya Barira, ya kuma kai Uwale lafiya ya dawo da ita.