Takalmin da Baba Alu Ya Jiƙa Mini a Kogi

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Maris na 1965, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Alu makanike a gidansa da ke Gaweye, nan Yamai, yana da shekara saba'in da tara. Ina kan keken ɗinki aka aiko mini. Na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura na tafi.

Baba, yaran yanzu sun san ka ne kawai a tsohon Baturen nan mai sanda da ke zama bakin fili yana yi wa kowa faɗa. Kaɗan ne suka san cewa sunan da iyayenka suka raɗa maka Alek Tarbet, daga Sikotilan, can arewa da Ingila. Ka fito daga ramin kwal kana ɗan shekara goma sha tara, lokacin da ake ɗaukar mutum aikin buga balo, wato ƙwallon ƙafa, kamar yadda ake ɗaukar lebura. Ƙungiya tara ka yi wa wasa cikin shekara goma sha ɗaya. Ba ka taɓa cin kofi ba, ba ka kuma taɓa ɓoye hakan ba. Kakan ce kai ɗan ci-rani ne na balo: duk ƙungiyar da ɗan bayanta ya ji ciwo sai ta kira ka, ranar da ya warke a sallame ka. Da gwiwa ta ƙi, ka koyi gyaran kamiyo, manyan motocin kaya. Aikin gyada ya kai ka Kano, ya kai ka Maradi, inda ka musulunta ka auri Inna Halimatou, sannan ya sauke ku a nan.

Ni dai ga abin da ka yi mini. A shekarar da muka samu ƴancin kai, kwamitin ƙungiyarmu, Tauraron Kogi, ya ce ba wanda zai ƙara shiga fili ba takalmi, don kada baƙin da za su zo wasan biki su raina mu. Ni kuwa tun ina yaro da ƙafar Allah nake bugawa. Da aka zube takalman, kowa ya zaɓi mai sarari, yadda muka saba saye a kasuwa don ƙafa ta sha iska. Ni da zalama na ɗauki wanda ya fi kowanne girma. Kwana biyu dugadugaina suka saluɓe, in na kai wa balo duka sai takalmin ya riga ta tashi. Mai horar da mu ya ce in ban gyaru ba kafin Juma'a zai ba wani gurbina. Na koma gida ban iya cin abinci ba, don ban da ɗinki ba abin da na iya sai wannan.

Washegari ka zo shagona da kanka, kana ɗingishi. Ka dubi ƙafata, ka dubi takalmin, ka ce da Hausarka ta Maradi, "Shu'aibu, wanga kwalekwale ne ko takalmi?" Ka tasa ni gaba muka musanya shi da wanda da ƙyar yatsuna suka shiga. Daga nan ka kai ni bakin kogi, ka ɗaure mini igiyarsa tamau, ka sa na zauna a kan dutse ƙafafuna cikin ruwa tun hantsi har azahar. Mata masu wanki sai dariya suke yi, wata ta tambaya da Zabarmanci ko magani ake mini. Ka hana ni tuɓewa sai da fatar takalmin ta bushe a ƙafata, sannan ka shafe ta da kitse, ka zauna da guduma kana dasa ƙusoshin ƙasan ɗaya bayan ɗaya.

A nan bakin ruwa ka gaya mini cewa gwajinka na farko da takalmin aro ka yi shi. Ya ci maka ƙafa, ƙungiyar garinku ta ƙi ka, daga ranar ka shiga yawo. Ka ce, "Ba a jiran ƙafar ɗan wasa ta warke. Ni ba wanda ya zaunar da ni a ruwa."

Ranar Juma'a aka kira sunana cikin goma sha ɗaya. An ci mu biyu da ɗaya, kuma sai da ka yi mako kana zagina a kan balo ta biyun da ta shiga. Ka yi gaskiya, laifina ne.

Halinka ba sauƙi, Baba. Ba ka iya yabo ba, kuma ko alƙalin wasa bai tsira daga sandarka ba. Amma ba ɗan wasan da ya taɓa zuwa gidanka da kumburin ƙafa ya koma ba ka murza masa ba, ko da na abokan hamayyarmu ne daga Lazaret. Na gode maka, kuma ina kewarka ƙwarai.

A watan jiya, da na je gaishe ka kana kwance, ka tambaye ni shekara nawa ke nan ina Tauraron Kogi. Na ce bana ta bakwai, kuma tun wancan wasan ba a taɓa ajiye ni ba. Ka ce, "Bakwai, riga ɗaya. Ashe ana yi." Ka juya fuskarka bango.

Allah ya jiƙanka, Baba Alu. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya ba ka mazauni a Aljanna inda ba a sallamar kowa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Halimatou, da ƴarka Kadi da mijinta Hasan, da dukan ƴan wasan Yamai. In kuma akwai wani naka da ya rage a Sikotilan, ba mu da adireshinsa, amma Allah ya ba shi haƙuri tare da mu. Amin.

Shu'aibu Tela, ɗan bayan Tauraron Kogi, Yamai