Ƙyallen da Aka Bari a Cikin Yayana

Yayana ya daɗe yana aiki a ramin ma'adinai na Akokan. Da aka rufe ramin, ya koma sayar da kayan gyaran mota a Arlit. A nan ciwon ciki ya kama shi, har likita ya ce wani yanki na hanjinsa ya lalace, sai an yanke an haɗa. Ni na raka shi Aljeriya, don ni ne mai ɗan Faransanci a gidanmu.

Kafin a shiga da shi ɗakin tiyata, likitar da za ta yi aikin ta zaunar da mu. Ta ce bayan an ɗinke hanji, wani lokaci ɗinkin yakan yi yoyo, ko hanjin ya manne da abin da ke kusa da shi. Akwai wani ƙyalle da suke gwadawa, wanda ake shimfiɗawa a kan ɗinkin. An yi shi da zare siriri ƙwarai, wanda ido ba ya ganin silinsa. Nama yakan bi zaren ya tofo, daga baya ƙyallen ya narke da kansa. Amma sai in mai jiki ya yarda.

Na mayar wa Yaya da Hausa iyakar abin da na gane.

"Ba a ganinsa?" ya tambaye ni.

"Haka ta ce, Yaya."

"A cikin rami, abin da ba a gani shi ake ce mana mu rufe hanci saboda shi. Yanzu kuma shi za a zuba mini a ciki?"

Na juya wa likitar tambayar da Faransanci, ta yi dogon bayani, rabinsa ya wuce ni. Na ce masa ta ce wannan daban ne. Ya kalle ni, sannan ya ce a yi.

Aka yi aikin lafiya, muka dawo gida. A gida ne maganar ta cakuɗe. Matarsa Ba'abziniya ce, Hausarta ta kasuwa ce, sai ta ɗauka an manta tsumma a cikinsa. Innarmu ta kira daga Damagaram tana tambayar yaushe za a koma a ciro. Wani abokinsa direba ya ce ai roba ce, irin ta facin tayar mota. Kowa ni yake tambaya, tun da ni na ji da kunnena. Ina maimaita labarin, ina jin yana canzawa a bakina, har na fara shakka ko "narkewa" likitar ta ce, ko kuwa ni na ƙara.

Yaya ya ƙi tuwo, ya ƙi nama. Kunu kawai yake sha, wai kada abinci mai nauyi ya ture ƙyallen. Na ce masa ai a bayan hanjin yake, ba a ciki ba. Ya ce, "Ka gani da idonka?"

Da ya rame sosai, muka je asibitin Arlit aka ɗauki hoton cikinsa. Likitan ya duba ya ce ɗinki ya kama, ba ya ganin komai.

"To ya narke ke nan?" in ji Yaya.

"Mai yiwuwa. Irin wannan ko yana nan ma, hoto ba zai nuna shi ba."

"To ta yaya za a san an sa?"

Likitan ya ce wannan sai waɗanda suka yi aikin. Shi dai abin da ya sani, a ba Yaya abinci.

A hanyar gida Yaya ya sa na tsaya wurin mai tsire. Ya ci tsinke ɗaya a hankali, hannunsa a kan ciki, yana jiran wani abu ya faru. Babu abin da ya faru, ya ƙara wani.

Ya warke, ya koma shagonsa. Kwanan baya wata maƙwabciyarmu ta zo, za a yi wa mijinta irin aikin a Agadez. Ta ce ta ji ni na san ƙyallen, in gaya mata ko su nema. Na ce ta zauna tukuna, a kawo mata ruwa.