Binne a Kan Hanyar Tifa

Rafinmu ba ya gudu sai da damina. Da an yanke dawa ruwan yake shigewa ƙarƙashin yashi ya kwanta. Mata su zo da ƙorya su tona rami, su jira ya tsatso, su cika tuluna. Fulanin da ke zaune tsakaninmu da Wagini su ma a nan suke shayar da shanu, ƙasa kaɗan da wurin mata. Garinmu ba shi da rijiyar da ke kai bazara. Wannan yashin shi ne rijiyarmu.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo, aka kama gine-ginen siminti a Katsina da Dutsin-Ma, sai tifa ta fara neman yashi a ƙauyuka. Ni ne na kawo ta garinmu. Ina saurayi a lokacin, na bar firamare ban gama ba, noma kuma ya fita raina. Na gamu da direban a tashar Batsari ranar kasuwa yana tambayar inda zai sami yashi marar laka. Na ce ya biyo ni. Gaɓar rafinmu duk tudu ce mai tsayi, wuri ɗaya ne mota za ta iya gangarawa, ta cikin gonar babana. Da rani gona ba ta da ƙofa, an kwashe amfani, mutum da dabba kowa na ratsawa. Ban tambayi Baba ba. Direban ya yi mini alkawarin zai ɗauke ni karen mota, wannan kaɗai nake ji a kunnena.

Na tara samari muka riƙa loda da shebur. Muna kwasa har mu tarar da baƙar lakar da ke ƙasa, sannan mu matsa gaba. Ba mu lura ba ruwan yana bin ramukanmu yana taruwa a fili, rana tana shanye shi. Mata ne suka fara gani. Inna, mahaifiyata, ta dawo wata rana da rabin tulu, zanenta duk laka, ta ce sai da ta shiga ramin har ƙugu kafin ta ga danshi. Ta dube ni. Washegari na koma lodi.

Bayan haka wani dattijon Bafulatani ya zo wurin Baba. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da shanu da gajiya, sannan ya ce mashayarsu ta ƙafe. Idan aka ci gaba haka, dole su hauro da shanu wurin mata, kuma ya san abin da zai biyo baya. Yaransa masu zafin kai ne, namu ma haka.

Sarkin samarinmu, wani maƙeri mai kaurin murya, ya tara mu gindin tsamiya bayan la'asar. Ya ce daga yau duk wanda ya ɗaga shebur a rafi kada ya sa rai za a je masa gayya, ko noma ko rufin ɗaki. Kowa ya ajiye. Ni ne na ƙarshe, kuma ba don na yarda ba, don dai na ga ba mai taya ni ne. Ɗan kwangilar da ke aiko tifar bai damu ba, ya riƙa cika bayan tifa da leburori daga wani wuri. Samari suka je gaban mai gari, ya ce rafi ba gonar kowa ba ce, ba shi da ikon hana mutum ɗibar yashi. Wasu suka ce a binne ƙusoshi a hanya, wasu suka ce a tare direban a lakaɗa masa duka. Sarkin samari ya ce shi ba zai kai 'ya'yan mutane gidan yari ba.

Da kansa ya zo zaurenmu ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, rafi ba na kowa ba ne, amma gona taka ce. Idan da shuka a cikinta, wa zai taka?"

Yana nufin binne, wato a shuka gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Muna yin haka, amma sai sama ta fara haɗa hadari. A lokacin kuwa ko shamuwa ba ta iso ba. Irin da ya daɗe a ƙasa gara ce ke cinye shi, ko zabi su tone. Ga shi mun fito daga shekarun fari, geron da Baba ya ware na iri ɗan kaɗan ne, yana rataye a ɗakinsa, ko mu ba ma taɓawa.

Inna ta yi magana daga bayan zana. "Malam, idan ya lalace me za mu shuka?"

Baba ya tashi ya sauko da geron. Sannan ya ce a sussuke shi.

Da hantsi samari suka fito da sungumi, makaɗi yana biye. Masu sara suna gaba, masu zuba iri suna bi suna rufewa da diddige. Na tsaya gefe kamar baƙo. Baba ya miƙo mini sungumi ya ce, "Kai ka san inda tayar take bi. Fara daga can." Ƙasar wurin ta daskare saboda nauyin mota, kowane sara sai ya dawo mini har kafaɗa.

Ba mu gama ba muka ji kukan tifa. Ta tsaya a bakin gona, leburori a baya riƙe da shebur, wakilin ɗan kwangila a gaba kusa da direba. Makaɗi ya yi shiru. Samari suka jeru, kowa da sunguminsa, na ga wasu sun juya ƙarfen sama.

Wakilin ya leƙo. "Wannan wane irin wasa ne? Ku ba mu hanya."

Sarkin samari ya ce, "Yallaɓai, sannu da zuwa. Shuka muke yi."

"Shuka? Da wannan ranar? Ko mahaukaci ba ya binne yanzu."

Baba ya matso da sandarsa. "Gonata ce, irina ne. Idan wauta na yi, ni ta shafa. Ku taka, sai mu haɗu gaban alƙali."

Direban ya hango ni. "Kai, yarona! Har da kai? Zo nan ka faɗa musu. Ba wata hanyar ta gefe?"

Akwai. Idan aka sare ƴan geza a bakin burtali mota za ta iya matsewa ta wuce, ni kaɗai na taɓa lura da haka. Allah ya sani bakina ya buɗe. Ba tsoron Allah ne ya rufe shi ba, idon sarkin samari ne da ke kaina. Na sunkuyar da kai ban ce akwai ba, ban ce babu ba.

Wakilin ya daka wa direban tsawa ya ce ya ja mota, shi zai biya ko nawa ne. Injin ya yi ƙara, tifa ta motsa har tayar gaba ta kusa layin farko. Wani yaro daga cikinmu ya ɗaga dutse. Sarkin samari ya kama hannunsa ya murɗe, sannan ya je ya zauna a ƙasa daidai gaban motar, ya miƙe ƙafafu. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsaye.

Direban ya kashe mota ya sauko. Ya tsuguna ya sa yatsa ya tona inda aka rufe, ya fito da ƙwayoyin gero a tafin hannunsa. Ya dube su, ya mayar, ya rufe da diddige yadda manomi ke yi.

"Da gaske iri ne," ya ce wa wakilin. "Ni ba na taka abinci. Ga makulli, idan za ka iya."

Wani lebure daga baya ya ce, "Mu ma a sauke mu tukuna." Wakilin ya zazzagi kowa, ya ce za mu gani. Tifa ta koma da baya har bakin hanya. Direban bai sake kallona ba.

Mun yi ta gadin gonar muna korar zabi da kurciya, samari suna karɓa-karɓa. Tifa ta dawo sau ɗaya ta ga mutane a gonar ta juya. Daga baya muka ji ta koma wajen Runka. Shanun Fulani ba su hauro wurin mata ba, samari suka taya makiyaya zurfafa ramin da ke ƙasa, aka lallaɓa da shi.

Irin kuwa bai tsira ba. An yi ɗan yayyafi wanda ya tayar da shi, sannan sama ta ɗauke, rana ta ƙone tsiron. Da ruwan gaske ya sauka kowa ya fita shuka, mu ba mu da iri ko tafi ɗaya. Baba ya ɗaura wa jaki akumari zai tafi Safana roƙon iri wurin surukinsa, mutumin da bai taɓa roƙon komai a hannunsa ba. Ni ya kamata in je. Na tsaya a ƙofar gida ina gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara, ina jira ya ce in zauna.

Ya hau, ya gyara zama, ya ce, "Rafi ya kawo ruwa jiya da dare. Ka tara abokanka ku tura tarin yashin da kuka bari a gaɓa cikin ramukan nan, kafin wani yaro ya faɗa."

Na ɗauki shebur na tafi.