Teburin da Na Yi wa Auta

Ni kafinta ne, tun ina saurayi nake wannan aiki a Lafiya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a kan katako ba na son kowa ya koya mini. Wannan halin ne ya jawo mini abin da zan faɗa.

Ina da 'ya, ita ce ta ƙarshe a gidanmu, Auta muke kiranta. Tana sakandare kawunta ya kawo mata wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, ta gano wasannin da ke ciki, waɗanda suke kira gem. Wata rana na dawo na tarar miyar da aka bar mata ta duba ta ƙone ƙurmus, ita tana ɗaki tana danne-danne. Ban tsaya jin ta bakinta ba. Na ɗauke kwamfutar na kulle a akwatin kayan aikina a shago, da niyyar mako biyu. Lokacin damina ne, kwanon shagon kuma yana yoyo daidai kan akwatin. Na san da haka, na manta. Ranar da na buɗe, ruwa ya kwanta a ciki. Mai gyara ya duba ya ce ta mutu. Abin da na gaya wa Auta shi ne, "Haka ma ya fi miki." Ban ba ta haƙuri ba.

Ba ta yi mini rashin kunya ba. Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini abinci. Abu ɗaya ne ya canja: ta daina roƙona komai. Ko madaurin takalminta ne ya tsinke, wurin mahaifiyarta za ta je. Na lura, na yi kamar ban lura ba, har shekara takwas suka wuce.

Ta gama karatu, ta samu aiki a shagon da ake buga wa ɗalibai takardu, ta sayi babbar kwamfuta tata. Gem ɗin kuwa ba ta bari ba. Ashe har ƙungiya gare su, su biyar, kowa a garinsu, suna haɗuwa ta intanet suna karawa da wasu.

Wata la'asar ina zaune a gindin mangwaro ta zo ta durƙusa.

"Baba, ko za ka yi mini teburi?"

Sai da na waiga, ko da wani take.

"Amma don Allah kada ka shafa masa komai," in ji ta. "Ka bar samansa haka, ba ƙyalli. Saboda maus."

Maus shi ne ɗan abin nan da ake riƙewa a tafin hannu ana ja a kan teburi, ƙaramar kibiya tana binsa a fuskar kwamfuta. Na ce mata to. A raina kuwa na riga na yanke cewa da wannan teburin zan biya abin da bakina ya kasa faɗa.

Na je wurin 'yan katako da kaina, na zaɓi maɗaci busasshe a hannun wani mai kawowa daga wajen garin Obi. Kwana tara ina aikinsa. Da na gama na tsaya na dube shi tsirara, sai na ga kamar teburin mahauta. Na ce a'a. A shigo gidana a ga teburin da na yi wa 'yata babu ko sheƙi? Yarinya ce, ba ta san abin da ya fi kyau ba. Na shafa masa banish sau uku. Bai ishe ni ba, na sa aka yanko gilashi daidai faɗinsa, na ɗora, na kewaye shi da siririn katako na buga ƙusa. In na sunkuya ina ganin furfurar gemuna a ciki.

Da aka shigar mata da shi ɗaki, ta shafa shi da hannu.

"Ya yi kyau, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ta ɗora maus ta ja. Kibiyar ta yi rawa, ta tsaya cak, can ta yi tsalle zuwa kusurwa. Ta sake ja, haka. Ta sake yi mini godiya, ni kuma na fita ina cewa a raina kayan nata ne ba su da kyau.

Washegari na wuce ta ƙofarta na hango kwalin taliya, an farke shi an shimfiɗa a kan gilashina. Raina ya ɓaci. Na samu mahaifiyarta tana ɓare gyaɗa na zazzage mata.

"Me ta ce maka ranar da ta roƙe ka?" in ji ta.

"Teburi ta ce."

"Bayan teburi fa?"

Na kau da kai, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta tana magana.

"Malam, kujerar girkin da ka yi mini, shekara nawa ina sa dutse a ƙarƙashin ƙafata? Na ce gajera, ka ce doguwa ta fi daraja. Ni na saba da kai. Ita kuwa sau ɗaya ta gwada ka, ka ga ko za ta ƙara."

Daga bakinta na ji cewa suna da gasa Asabar mai zuwa. Da rana na tsaya a bakin ƙofar Auta tana gwaji da abokanta, abin saurare a kunnenta, ba ta san ina nan ba. Kwalin ya sha danshin damina da zufar hannunta, ya yi laushi, yana zamewa a kan gilashi. Tana ja da hannun dama, tana danne kwalin da gwiwar hannu. Can na ji tana ce wa mutanen da ba na gani, "Ku yi haƙuri, laifina ne. Ku yi haƙuri." Ita ke ba da haƙuri a kan abin da ni na yi.

Da ta gama na yi sallama na shiga. Na ce, "Auta, nuna mini abin da ke damun abin nan."

Ta dube ni, sannan ta kifa maus ɗin ta nuna mini wani ɗan ido a cikinsa. Ta ce wannan idon yana kallon ƙananan tabo da kaushin abin da yake tafiya a kai, da su yake gane ya motsa. A kan gilashi ba ya ganin komai, kamar mutum a tsakiyar ruwa da ba ya hango gaɓa. Ta ce akwai shimfiɗar da ake sayarwa dominsa, amma na kasuwarmu ba su fi tafin hannu biyu ba, ita kuwa da dukan dantsenta take ja. Babbar sai an yi odarta daga nesa, ba za ta iso kafin Asabar ba.

Na ɗauko guduma na zare ƙusoshin da hannuna. Na sa sanfefa na goge banish ɗin nan sau uku har katakon ya koma fari-fari. Kibiyar ta daidaita, amma Auta ta ce jijiyar katakon tana riƙe maus, tana kuma cin ƙasansa. A da, da na ce ƙorafi ne. Wannan karon na ce, "To, me za mu gwada?"

Mun gwada fomeka, siririn fallen nan da ake manna wa saman teburi, ta yi santsi da yawa. Mun gwada jemammiyar fatar akuya, ta yi daɗi da farko, da zufa ta taɓa ta sai ta kama danƙo. A rana ta uku na je wurin maƙwabcin shagona, wani shumeka ɗan ƙabilar Eggon da muka tsufa tare muna tsokanar juna.

"Baba kafinta!" in ji shi. "Kai da ka san komai, yau ka zo makaranta wurin mai gyaran takalmi? Yarinyarka ya kama ka ko?"

"Ta kama ni. Ba ni roba mai laushi, mara kauri."

Ya yanko mini irin wadda yake sa wa cikin takalmi, yana dariya har yana tari. Tela kuma ya ba ni ragowar baƙin yadin wando mai saƙa ƙanana. Na farko da na haɗa ni kaɗai, na manna yadin a kan robar, gam ya yi yawa ya huda yadin ya bushe gudaji-gudaji. Na biyu na kira Auta. Ta zauna, ta share teburin da hannunta iyakar inda take kaiwa, ni kuma ina bin ta da fensir. Ta riƙe gefe ɗaya na yadin, na riƙe ɗaya, muka ja muka kwantar a hankali.

Muna jiran gam ya kama, hannuwanmu a kan yadin, na ce, "Kwamfutarki ta da, ni na lalata ta. Na san kwanon yana yoyo. Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba gem kaɗai ke ciki ba, Baba. Akwai hotunan Kaka."

Mahaifiyata take nufi, wadda ta rasu a shekarar. Ban taɓa sani ba, domin ban taɓa tambaya ba. Muka ci gaba da danne yadin har ya kama.

Ranar Asabar suka yi gasarsu, suka zo na uku. Maus bai yi tsalle ko sau ɗaya ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban sake matsa mata ba, don ba ni da wannan hurumin.

Bayan kwana biyu ina shirin fita ta leƙo.

"Baba, kujerar nan ta ɗan yi tsawo. Kafaɗata tana ciwo."

Na dubi kujerar. A idona yatsa uku ya kamata a rage. Na ce, "Nawa za a cire?"

"Yatsa biyu."

Na ɗauko zarto na cire yatsa biyu.