Minti Arba'in da Takwas na Yayana

Sai ranar Juma'a na gane ka tafi, Yaya. Ka rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, a gado na uku daga ƙofar ɗakin asibiti, ina riƙe da kofin ruwan da ka ce in miƙo maka. Na ga an rufe maka fuska, na ga gida ya cika, na amsa gaisuwa har muryata ta dushe, amma duk kamar a mafarki. Ranar Juma'a da safe na zare jiki na tafi shago, wai in ɗauko wa wata mata keken ɗinkinta. Na buɗe ƙofa, na kunna fanka, hannuna da kansa ya kunna kwamfuta yadda ya saba shekara huɗu. Rahoton horo ya fito. Na karanta da ƙarfi kamar kullum: "Dogo, minti goma sha ɗaya, bai ƙaru da komai ba." Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Kujerarka tana nan, matashin da ka lotsa yana nan, amma ba wanda ya ce, "Sake karantawa, Malama." A nan na zauna a ƙasa tsakanin kekunan mutane, na yi kukan da ban yi ba ranar Talata.

Wanda bai san ka ba zai ce wace irin ta'aziyya ce wannan da ta fara da wasa. To, bari in faɗa masa. Yayana mai gyaran keken ɗinki ne, shekara talatin da wani abu. Da ƙuruciya ya buga ƙwallon kwando a makaranta har gwiwa ta hana shi. Da 'yarsa ta ajiye masa tsohuwar kwamfutarta a shago, sai ya gano wani wasa a intanet inda ake ba mutum ƙungiyar ƙwallon kwando ya riƙe. 'Yan wasan ba mutane ba ne, sunaye ne da lambobi, amma masu ƙungiyoyin mutane ne na gaske, kowa daga inda yake a duniya. Mai ƙungiya ne zai tsara wanda zai shiga fili, shi ne zai zaɓi abin da za a koya musu. Ana buga wasa Asabar da Talata, ranar Juma'a rahoton horo ya fito. Kowace kaka wata uku ce, kuma a ƙarshenta ana fito da sababbin yara 'yan shekara sha takwas, kowace ƙungiya ta zaɓa.

Akwai ƙa'ida ɗaya a wasan, wadda ka mai da ita kamar karatun safe. Yaro ba ya samun cikakken horo sai ya yi minti arba'in da takwas a fili cikin mako, a gurbin da ake koya masa. Wanda ya zauna a benci, ko da kocin duniya aka ɗauko masa, a banza. Yawancin masu ƙungiya ba sa jure wannan, domin sa ɗanyen yaro a fili yana nufin a ci ka. Sai su kwaso ƙwararru, yaran kuma su tsufa a benci. Kai kuwa ka yarda a ci ka. Sau nawa muka ga an lallasa mu da tazarar maki talatin, kana dariya kana tambaya, "Yarana sun cika mintocinsu?"

Anti, matarka, takan leƙo shago da rana ta ce, "Mutum da furfurarsa yana renon 'ya'yan da ba sa ci ba sa sha." Kai kuma ka ce, "Shi ya sa nake son su, ba su taɓa ce min sun fi ni sani ba." Ta yi tsaki tana murmushi ta ajiye maka kwano.

Ni kuwa na shigo cikin wannan ne a lokacin da ba ni da amfani ga kowa, har ga kaina. Mijina ya rasu, na dawo gidanka da akwati ɗaya, ina da shekara talatin da takwas, karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, shi ma rabinsa ya zube. Wata biyu ina ɗaki ina kallon bango. Rannan ka ƙwanƙwasa ƙofa ka ce, "Auta, idona ya fara cin amanata, zo ki karanta min wani abu." Gaskiya ne ciwon sukari ya fara taɓa maka ido. Amma 'yarka tana nan, wadda ta yi jami'a, da ta karanta maka shafin nan cikin minti biyu. Ni sai da na yi kusan awa guda. Turanci ne, ina haɗa baƙi ɗaya ɗaya, ina tuntuɓe, ina jin kunya. Ka jingina da kujera ka rufe ido kamar mai sauraron labari mai daɗi. Da na gama ka ce, "Sake karantawa, Malama." Tun daga ranar sunan ya bi ni.

Sunayen 'yan wasan sun fi ƙarfin bakina, sai muka raɗa musu namu. Akwai Dattijo, ƙwararren da ya fi kowa jefa ƙwallo a kwando, amma shekaru sun fara cim masa. Akwai Dogo, wanda muka ɗauka kaka uku da suka wuce, a zagayen ƙarshe na zaɓen yara, bayan kowa ya tsallake shi. Da na karanta maka lambobinsa na ce, "Yaya, wannan ai tsawo kawai gare shi, ko riƙe ƙwallo bai iya ba." Ka ce, "Tsawon ne ba a koyarwa. Sauran namu ne." Ka sa shi a ƙarƙashin kwando, gurbin Dattijo, mako bayan mako. Ya zubar da ƙwallo, ya yi laifi, ya jawo mana asara. Ranar Juma'a kuma in ga 'yar koriyar kibiya kusa da sunansa, alamar ya ƙaru, in karanta maka, ka tafa hannu har masu shagon kusa su leƙo.

Ban lura da lokacin da ka matsar da ni daga kwamfuta zuwa teburin aiki ba. Yau ka ce in riƙe maka sukudireba, gobe ka ce in zura zare don ba ka ganin kafar allura, jibi ka ce in saurari ƙarar keke in faɗa maka inda yake ciwo. Wata rana ka koma can ciki ka zauna, ka bar ni a gaba ni kaɗai. Wani tela ya kawo kekensa yana tsallake ɗinki. Na kwance, na ɗaura, na saita shi ba daidai ba, ya karya allura uku a gaban mai shi. Mutumin ya daka min tsawa, "Ina mai shagon? Ni ban kawo kekena a koyi aiki da shi ba!" Daga ciki ka amsa, ko tashi ba ka yi ba, "Mai shagon ce a gabanka, maigida." Ya ɗauki kekensa ya fita yana faɗa. Na shigo ina hawaye na ce na kore maka mutum. Ka ce, "An ci mu yau. Minti nawa kika samu?" Na rasa ko in yi dariya ko in ci gaba da kukan. Telan nan, bayan shekara guda, shi ne yake tsayawa a ƙofa yana cewa, "Malama tana nan? Ita nake so ta duba min." Ya zo gaisuwa ranar Laraba.

Duk abin da nake ci yau, daga hannuna yake fitowa, kuma kai ka ba ni hannun. Ba ka taɓa ce min ka taimake ni ba. Kullum cewa kake ni nake taimakonka.

Yanzu bari in faɗi laifina, don ka riga ka sani, amma mutane ba su sani ba. Da aka kwantar da kai, saura wasa uku kaka ta ƙare, kuma ƙungiyarmu tana bakin faɗawa rukunin ƙasa. Ka ce in tsara wasan Asabar ni kaɗai. Na zauna gaban kwamfuta ina tuna yadda ka rame, yadda abinci ya daina shiga. Na ce a raina, bari in kai wa Yaya labari mai daɗi ko sau ɗaya. Na cire Dogo, na sa Dattijo. Muka ci. Dogo bai shiga ba sai minti goma sha ɗaya na ƙarshe.

Ranar Lahadi na shigo ɗakin asibiti da fara'ata na ce, "Yaya, mun ci!" Ka buɗe ido ka dube ni, ka ce, "Da wa?" Na ce, "Da Dattijo." Ka ce, "Auta, Auta. Kin ci wasa, kin cuci yaro." Anti ta ce, "Haba, mutum yana kwance da ƙarin ruwa a hannu, yana faɗa a kan ɗan kwamfuta!" Ka yi 'yar dariya har tari ya kama ka. Da ya lafa ka kamo hannuna ka ce, "Na san don ni kika yi. Na gode. Saura wasan Talata, ki biya shi mintocinsa." Na ce to.

Ban biya ba. Litinin jikinka ya rikice, ban bar gefen gadonka ba, Talata ka tafi. Wasan ya buga kansa da tsarin da na bari, Dogo yana benci, kuma duk da haka aka ci mu. Tun da muka ɗauke shi, wannan ne makon farko da bai samu horo ba. Shi ne rahoton da na karanta wa kujerarka.

Da na share hawaye a ranar Juma'ar nan, na ga saura wasa ɗaya, washegari. In mun ci mu tsira, in an ci mu mu faɗa. Na daɗe ina kallon sunayen biyu. Wata zuciyar ta ce kada ƙungiyar Yaya ta faɗi a makon da ya rasu, mutane su ce daga tafiyarsa ƙanwarsa ta rusa. Ɗayar kuma muryarka kawai ta maimaita min. Na sa Dogo, daga farko har ƙarshe, na hana a canza shi ko ya gaji. Aka ci mu da maki shida. Mun faɗa rukunin ƙasa, Yaya. Juma'ar da ta biyo baya koriyar kibiya ta fito kusa da sunansa, a wajen cafke ƙwallon da ya dawo daga kwando, abin da ka yi wata biyu kana jira. Na karanta da ƙarfi. Ba wanda ya ce in sake, amma na sake.

Na rubuta sanarwar rasuwarka a dandalin wasan, da Turancina, ban nemi kowa ya gyara min ba. Mutum goma sha huɗu suka amsa, waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Ɗaya ya ce lokacin da ya fara, kowa yana yi masa dariya, kai kaɗai ka rubuto masa yadda ake lissafin mintocin yara. Na tuna wasiƙar, domin ni na buga ta, kana faɗa ina rubutawa.

Wanda ya ba mu kai ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa sai godiya da ya ara mana kai tsawon wannan lokaci. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ba ka bar kowa a benci ba, Allah kada ya bar ka a baya ranar da ake kiran bayinsa na gari. Anti, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da alheri a kan jinyar da kika yi ba ƙorafi. 'Yata, mahaifinki ya yi alfahari da ke fiye da yadda ya iya faɗa, ni shaida ce. 'Yan'uwa, maƙwabtan shago, teloli da duk wanda ya tako ko ya aiko, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Kekuna uku suna jira a shago, ɗaya kai ka kwance shi, ban gama gane inda ka tsaya ba. Ranar Asabar za a zaɓi sababbin yara, ban jera sunayensu ba tukuna. Dogo kuma saura masa kaka biyu ya gama horo.